Tsutsar Karammiski Da Rumbun Baba

Har in koma ga Allah ba zan manta da shekarar da na sa wani dattijo ya yi wata huɗu yana yi wa rumbunsa ban-ruwa ba, saboda wata tsutsa da ni kaina ban taɓa gani da idona ba. Duk lokacin da na tuna sai dariya ta taso min, kafin ta kai baki kunya ta riga ta. Yau dai na ce bari in faɗa, ko na rage nauyi.

Ni ɗan Birnin Kudu ne. Da na gama karatu aka ɗauke ni koyarwa, aka tura ni wata ƙaramar sakandare a wani ƙauye gaba da Sara, a ƙasar Gwaram, in koyar da ilimin halittu. Babu gidan malamai, sai wani dattijo manomi ya ba ni ɗakin da ke jikin zaurensa. Kowa Baba yake ce masa, matarsa kuma Inna. Ɗansu ya rasu ya bar musu mata da 'ya'ya, duk bakin nan kuwa abin da rumbu ɗaya ya ɗauka suke ci daga kaka zuwa kaka. Duk da haka kullum da yamma sai Inna ta aiko min da kwanon tuwo, ba ta taɓa fashi ba.

A wancan lokacin ina fama da wata cuta, bakina ba ya iya furta "ban sani ba". Wallahi ko sunan kakar sauro ka tambaye ni sai na ba ka amsa. Ga takarda a hannu, ga waya mai shafawa, ga mutane na ce min Malam suna matsa min wuri a tabarma. Kai, na ji daɗin kaina ƙwarai.

Abin ya faro ne wata rana bayan la'asar, an gama shigar da hatsi. Muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida, ni da Baba da maƙwabcinsa, wani dattijo mai shanu wanda ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Baba yana ta mitar gara. Ta cinye masa zana, ta cinye ƙotar fartanya, bara har cikin rumbu ta leƙa. Ni kuwa a ranar na sauke wani ɗan bidiyo a waya don in nuna wa ɗalibai, sai na ga ga wurin burga ya samu. Na ce, "Baba, bari ka ga wadda gara ke jin tsoro."

Suka haɗa kai a kan wayar. Ga wata halitta nan, tsawonta bai wuce yatsa ba, jikinta lumus kamar an yanko ƙyallen karammiski, da ƙahonni biyu masu laushi tana lalube da su, da gajerun ƙafafu dabar-dabar a jere kowane gefe. Tana tafe a hankali a kan ruɓaɓɓen itace, sai ga gyare. Ta tsaya, ta ɗaga kai, sai ta feso wani farin yauƙi ta gefen bakinta biyu, ya fita yana wulwulawa, ya nannaɗe gyaren nan tamau. Kafin ya motsa yauƙin ya daskare. Ta taka a natse ta je ta huda shi, ta zuba masa miyau, ta zauna tana zuƙa.

"La'ilaha illallahu!" in ji Baba. "Maido min baya."

Sau shida na maido. Mai shanu ya ce wannan ai maharbiya ce, tarkonta a baki. Ya tambaye ni, tsutsa ce ko ƙwaro? Nan fa na gyara zama. Na ce sunanta tsutsar karammiski, amma ba dangin tana ba ce. 'Yan'uwanta na kusa su ne su kunama da gizo-gizo da fara, tushensu ɗaya. Tun can da nisa suka rabu, sauran suka yi ɓawo mai tauri, wasu suka yi fiffike, wasu ƙarin harbi, ita kuwa ta zauna da laushinta. Na ce masana sun sami shatar jikin kakanninta a cikin duwatsu, na fiye da shekara miliyan ɗari biyar, a lokacin a cikin teku suke, kuma in ka dubi fasalin sai ka rantse ita ce.

Baba ya ce, "Ta girmi zanen shanun nan na dutsen garinku ke nan?"

Na ce, "Baba, a wajenta ai zanen nan jiya da yamma aka yi shi."

Mai shanu ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "To ita ce gyatumar da ta tsare gida, ƙannenta suka tafi birni suka sayo riguna. Irinka ce fa, tsoho, kai ma tun da na san ka hular nan ce."

Baba bai kula shi ba, idonsa na kan waya. Ya ce, "Malam, tana cin gara?" Na ce sosai ma, kuma wannan gaskiya ne. Sai ya yi tambayar da ta jawo komai: "A nan ƙasar tamu akwai ta?"

Na san amsar sarai. Babu ita. Halittar nan ƙofofin numfashinta a fata suke kuma ba sa rufuwa, in ta sha iska mai bushewa na ɗan lokaci sai ta ƙandare. Dazuzzuka masu duhu da ruwan sama kusan kullum take zama, mafi kusa da mu can wajen Gabon da Kwango. Amma na ga yadda dattawan nan biyu suka zuba min ido, na ji in na ce babu, daɗin hirar ya ƙare. Sai na karkata hula na ce, "Ai Baba, duk inda ka ga ruɓaɓɓen itace mai danshi da duhu, kada ka cire rai."

Shi ke nan fa. Kafin sati ya zagayo labari ya game ƙauye, cewa malamin makaranta ya san wata tsohuwar tsutsa mai harbin gara da danƙo. Na zama abin kallo. In na fito alwalar asuba sai in tarar da gwangwanaye a ƙofar ɗakina, kowanne an rufe shi da tsumma. Wannan ƙadandoniya, wannan tana, wannan gwazarma daga juji. Wata mata ta kawo min shanshani a ƙwarya tana riƙe da shi nesa da jikinta, ta ce ai ga ƙafafun nan da yawa. Wani bawan Allah ya taho a babur tun daga Kangire da kunama a kwalba, ya ce tun da na ce 'yar'uwarta ce, ko za a ajiye ta a ga in waccan za ta zo zumunci. Ni kuma maimakon in tsayar da abin, sai in ɗauki tsinke in juya halittar, in girgiza kai in ce, "Ta yi kusa, amma ba ita ba ce." Ku ji fa, ta yi kusa!

Duk wannan wasa ne. Abin da ban sani ba shi ne Baba ya riga ya yi nasa lissafin shi kaɗai. In dai tsutsar nan gara take ci, to babu inda ya fi dacewa ta zauna kamar ƙarƙashin rumbunsa.

Wanda bai san rumbun ƙasa ba, bari in gaya masa. Ba a ajiye shi a ƙasa. Duwatsu ake girkawa, a gicciya itatuwa masu ƙwari a kai, sannan a ɗora gini, don iska ta riƙa wucewa ta ƙasa, danshi da gara kada su kai ga hatsi. Inna takan zuba tokar murhu a ƙarƙashi, kaji kuma su yini a wurin suna shan inuwa, duk garar da ta leƙo su tsince ta. Haka iyaye da kakanni suka yi. Baba ya bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya ya warware. Ya share tokar don kada ta ƙona wa baƙuwa ciki. Ya kori kaji don kada su cinye ta. Ya je bakin rafi ya kwaso ruɓaɓɓun gumagumai ya cusa a ƙarƙashin rumbun har suka taɓo gindinsa. Sannan safe da yamma ya je tuƙa-tuƙa ya ɗebo bokiti biyu ya kwarara.

Inna ce ta tsare ni a zaure wata rana ta ce, "Ɗan nan, zo ka ga aikin da ka sa tsohon nan. Ni ruwan wanke-wanke sai na yi roƙo, shi kuwa rumbu yake shayarwa. Ko so yake ya tsiro ya haifi wani?"

Na shiga na gani da idona. Nan ne ya kamata in buɗe baki in ce, Baba, na yi kuskure, babu ita a ƙasar nan. Kalma nawa ce? Amma na dubi yadda yake washe baki yana nuna min aikinsa, na tuna gwangwanayen ƙofar ɗakina da mutumin Kangire, sai na zaɓi in bi ta bayan gida. Na ce a raina bari in riƙa tsorata shi da wahalar tsutsar har ya gaji ya bari da kansa.

Na ce, "Baba, ita fa ba ta son haske ko kaɗan, nan kuwa rana na shiga." Washegari na tarar ya zagaye gindin rumbun da tsofaffin buhunan algarara, ya jiƙa su sharkaf. Yanzu ba mai ganin abin da ke faruwa a ciki.

Na ce, "Baba, ba ta son hayaniya." Ya sa aka ɗauke turmi daga tsakar gida aka kai bayan katanga. Surukarsa ta koma daka a waje kamar wadda aka yi wa horo.

Na ce, "Baba, ba ta yaɗuwa da wuri. Yawancinsu ba ƙwai suke yi ba, ciki suke ɗauka wata da watanni su haifi 'ya'ya da rai, kamar akuya." Na zaci wannan zai karya masa gwiwa. Ina! Sai ya ce ashe ma mai daraja ce. Inna da ke jin mu daga madafa ta ɗaga murya ta ce, "To madalla. In ta sauka ku faɗa min in dama mata kunun kanwa, in dafa ruwan wanka. Ragon suna kuma sai malamin makaranta ya kawo."

Na ƙara da cewa akwai irinsu da ke zama gungu-gungu, in an kama nama babbar macen ce ke fara ci ita kaɗai, maza na gefe suna jira. Inna ta ce, "Wannan kam a kawo ta. Tun da aka fara zancen nan yau na ji magana mai ma'ana."

Kun ga duk abin da na faɗa gaskiya ne, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Gaskiya guda ɗaya tak da ake bukata ita ce na danne. Mai shanu ma, da ya ga abin ya wuce wasa, ya ja ni gefe a hanyar masallaci ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, abar nan za ta zo?" Na ce komai na Allah ne. Ya dube ni ya ce, "Haka ne. Amma hatsin na marayu ne." Maganar nan ta soke ni, sai dai ba ta kai ga buɗe min baki ba.

Aka yi hutun makaranta na gudu Birnin Kudu, na ce in na dawo zan faɗa wa Baba gaskiya. Sati uku ina gida ba na jin daɗin abinci. Ranar da na dawo, ana tsakiyar zafin bazara, na sauka daga babur da hantsi na yi sallama na wuce cikin gida kai tsaye, ko jaka ban ajiye ba, don na san in na zauna zuciyata za ta sake ba ni wata dabara. Na tarar da Baba tsugune a gindin rumbu da bokitinsa. Na lura jinkar rumbun ta ɗan karkace, kamar yadda nake karkata hulata.

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, akwai maganar da nake so in yi maka game da tsutsar nan."

Ya ɗaga min hannu, ya yi ƙasa da murya. "Yi a hankali, Malam. Ina jin ta iso. Kwana uku ke nan in na kara kunne ina jin motsi a ciki, ƙus-ƙus-ƙus. Ci take yi."

Na kara kunnena a jikin buhu. Lallai ana ci. Na ɗaga gefen buhun na leƙa, sai wani wari mai ɗumi ya bugi hancina. Gumaguman nan duk sun zama gidan gara, ta yi hanyoyinta na jar ƙasa ta hau kansu ta shige gindin rumbu, itatuwan da ke ɗauke da ginin kuwa sun zama kamar soso. Na miƙe na ce, "Baba, tashi! Inna, ku kwashe yara!" Na fizgo hannunsa, bokiti ya kife.

Ban sani ba ko ruwan bokitin nan ne ya ƙarasa aikin, ko kuwa lokaci ne ya yi. Rumbun bai faɗi da ƙarfi ba. Wani ɗan ƙara ya yi, ya sunkuyo gaba a hankali kamar raƙumi zai durƙusa, ya tsaya jim kamar yana shawara, sannan cikinsa ya tsage daga ƙasa har wuya. Dawa da gero suka kwararo cikin caɓi. Jinkar ta gangaro ta bi tsakar gida tana juyi, ta je ta kife a kan akuyar Inna, akuya ta tashi da ita tana zagaye gida tana ihu. Kajin da aka kora wata huɗu kuwa ko sallama ba su yi ba, suka afka wa gara.

Maƙwabta suka cika gidan. Na saman hatsin lafiyarsa ƙalau, amma na ƙasa, wajen kashi ɗaya cikin uku, ya zama baƙin dunƙule, rabi fumfuna rabi ƙasar gara. Surukar Baba ta ɗora hannu a ka tana salati. Inna kuwa ta ɗauko ƙwarya ta durƙusa ta fara tsince abin da zai tsintu. Wannan tsintar tata ta fi min zagi ciwo.

Baba fa? Ina neman sa sai na gan shi a cikin ɓaraguzai, ya sa hannu yana ɗaga ruɓaɓɓun gumaguman nan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana leƙa ƙarƙashinsu. Ya ɗago ya dube ni, gemunsa duk ƙasa, ya ce, "Malam, zo ka duba min. Kada a ce ginin ya danne ta."

Nan na kasa ci gaba da ɓoyewa. Na durƙusa a cikin caɓin, a gaban duk mutanen da suka taɓa kawo min gwangwani, na ce, "Baba, babu ita. Ba ta taɓa zuwa ba, ba za ta zo ba. Ba ta rayuwa a ƙasar nan, ko kusa. Tun ranar da ka tambaye ni na sani. Ni ma a waya kawai na taɓa ganinta." Ina faɗa hawaye na zuba, ni da nake ganin na fi ƙarfin kuka a gaban mutane.

Akuya na ta kuka a ƙarƙashin jinka. Baba ya ajiye gungumen da ke hannunsa, ya goge tafinsa a riga. Na jira zagi, na jira ya ce in kwashe kayana. Sai ya ce, "Shekara nawa ka ce ta yi ba ta sauya ba?"

Na ce, "Fiye da miliyan ɗari biyar, Baba."

Ya ce, "To ita tsutsa ce, ta yi abinta. Kai kada ka yi koyi da ita. Tuɓe takalmin nan ka kama mana kwasa."

Yini muka yi muna kwasa muna shanya a kan tabarmi. Mai shanu ya aiko da damin gero daga nasa rumbun, ya ce a gaya wa tsoho gudummawar suna ce, tun da mai jego ta ƙi zuwa. Sati biyu ina tashi daga makaranta in naɗe wando in shiga kwaɓar ƙasa, har muka tayar da sabon rumbu kafin ruwa ya sauka. Inna da hannunta ta zuba toka a ƙarƙashinsa, ta kira kajinta.

Amma hukuncina na gaskiya a kwano ya zo. A daminar nan gidan ya koma cin tuwo sau ɗaya a yini, kuma hatsin da aka tsinto daga caɓi duk wankin da aka yi masa bai bar warin fumfuna ba. Na roƙi Inna ta daina aiko min, na ce zan riƙa ci a kasuwa. Ta ce, "Da wa ka ga an yi haka a gidan nan?" Kullum da yamma kwanon nan sai ya zo, da warinsa, daga hatsin marayun da na sa aka lalata, kuma dole in cinye in mayar da kwano in ce an gode. Har aka yi sabon gero ban ci loma ɗaya da ta wuce min wuya salin-alin ba.

Yau shekaruna da yawa a aji, kuma duk shekara sai na koyar da tsutsar karammiski, don har yanzu ina sonta, ba ta yi min laifin komai ba. Ina nuna bidiyon, in yi bayanin yauƙinta da danginta da shatar kakanninta a dutse. Amma kafin kowa ya ɗaga hannu nakan ce, "Babu ita a ƙasarmu, ni ma ban taɓa ganinta ba." Abin da na koya a gidan Baba shi ne, mutumin da ya yarda da kai ba ya ajiye maganarka a kunne kawai, gida yake kai ta ya yi aiki da ita. Don haka in an tambaye ni abin da na sani, nakan faɗe shi duka, har da ɓangaren da zai rage min kwarjini. In kuma ban sani ba, nakan ce ban sani ba. Da wuya ta fara fita, amma ko kusa ba ta kai tuwon nan wuyar haɗiya ba.